Amalanke Mara Hatimi

Zakariya kafinta ne, asalinsa mutumin kudancin Zariya. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo mahaifinsa Gusau, shi kuma ya girma a Sabon Gari. A shekarar 1954 babu direban da ke bin hanyar Funtuwa bai san rumfarsa ba. Sana'arsa bodin manyan motoci. Kamfanonin Turawa kan sauke mota daga jirgi tsirara, daga kai sai ƙarfen gindi, a turo masa ya ɗora mata katako, ya yi mata benci da rufi, ya shafa fenti. In an gama mai mota ya yi godiya, amma sunan da ke goshin motar na wata ƙasa ne. Abin yana ci masa rai, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba sai matarsa Dibora.

Wata ranar kasuwa, farkon kaka, wani dogon Bafulatani ya tsaya a bakin rumfar, sandarsa a kafaɗa. Sunansa Manu, rugarsu na bayan dutsen Kwatarkwashi. Yana kiwo, yana kuma noman gero da auduga, ya horar da bijimai biyu suna ja masa garma.

"Malam Zakariya, an ce kai ka yi ma motoci ɗaki," in ji Manu. "Ni amalanke nika so, wanda shanu ka ja. Na tafi kanti, sun ce in jira jirgin ruwa. Ban taɓa ganin jirgin ruwa ba, audugata kuwa ba ta san jira ba."

Zakariya ya ajiye zarto. Katako ba zai ba shi wahala ba, akwai madaci a dajin. Abin da ba shi da shi, sandar ƙarfen da ke riƙe ƙafafun amalanke, wadda duk nauyin kaya ke kanta. Ya ce wa Manu ya dawo bayan kasuwa biyu.

Ya hau motar Tsafe ya je wurin Salisu, maƙeri ɗan maƙeri, mutum gajere mai kaurin damtse wanda bai cika magana ba. Zakariya ya zana masa abin a ƙasa da tsinke. Salisu ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya tashi ya jawo ƙarfen wata mota da ta mutu a bakin hanya tun bara.

"Wanga ya isa," ya ce. "Sai dai gajere ne, sai mun haɗa biyu."

Suka haɗa. Zakariya ya zauna a Tsafe yana zuga wuta da kansa, Salisu na dukan ƙarfe, har sandar ta miƙe. Suka sa mata tsofaffin tayoyin mota. Ranar da bijiman Manu suka ja amalanken daga Gusau zuwa Kwatarkwashi, mutane suka riƙa fitowa daga gonaki suna bin sa da kallo. Abin da jakai ke kwana suna jigila, ya kwashe a sawu ɗaya. Kafin kaka ta zagayo, manoman Bungudu da na Tsafe sun yi layi a rumfar Zakariya. Ya rage karɓar aikin bodi. Da maraice yakan zauna yana gaya wa Dibora cewa wanda ya iya yin amalanke yau, jikansa zai yi mota.

A shekara ta biyu aka samu matsala. Wani manomin Bungudu mai suna Bala ya lafta wa nasa amalanken buhunan gyaɗa, yana gangarowa daga wajen dutse sandar ta karye daidai wurin haɗi. Amalanken ya kife, ya karya ƙafar bijimi ɗaya, dole aka yanka shi a wurin. Ba mutumin da ya ji ciwo.

Zakariya da Salisu suka je suka duba. Babu wanda ya yi musu a cikinsu, haɗin ne bai kama sosai ba. Suka roƙi Bala gafara, suka haɗa kuɗi suka saya masa wani bijimi. Salisu ya daina haɗa ƙarfe biyu, ya koma neman mai kauri guda ɗaya, suka bi ƙauyuka suna sauya wa kowa sanda ba tare da sun karɓi ko anini ba. Zakariya ya ɗauka magana ta ƙare.

Sai ga sanarwa daga ofishin da ke kula da hanyoyi. Daga yau duk amalanken da zai hau titin mota sai yana da lamba, kuma ba a ba da lamba sai sandarsa na ɗauke da hatimin masana'antar da ta ƙera ta. A duk lardin wuri ɗaya ake samun sanda mai hatimi, kantin wani kamfanin Turawa da ke kusa da tashar jirgi, shi ma ba ya sayar da ita sai tare da amalankensa gaba ɗaya. A wannan watan ne kuwa jirgin ya sauke musu akwatunan amalanke.

'Yan doka suka tare hanyoyin shiga Gusau ranar kasuwa. Manu na cikin waɗanda aka kama. Aka sauke masa audugarsa a bakin titi, aka kwance bijimansa, aka tura amalanken zuwa filin bayan ofis. Ya zo rumfar Zakariya da ƙafa, ya tsuguna, ya ƙi shan ruwan da aka ba shi.

"Mi na yi musu?" ya tambaya. "Ban ci gonar kowa ba."

Ƙanen Dibora, Iliya, akawu ne a wannan kanti. Ran Lahadi bayan an tashi daga coci ya zo cin abinci kamar yadda ya saba, sanye da farar riga da takalmi sau-ciki. Zakariya ya bari sai da ya wanke hannu.

"Iliya, wa ya kai wa Baturenku labarin bijimin Bala?"

Iliya ya dubi yayarsa, ya dubi kwano. "Yaya, tambayata ya yi. Ya ce me ya sa ba a zuwa neman amalankenmu. Na gaya masa gaskiya. Shi ya je ofis, ba ni ba."

"Ka gaya masa mun gyara?"

"Bai tambaya ba."

"A gidan nan ka ji labarin. Kana cin tuwon gidan nan ka ji shi."

"Ai don kare lafiyar mutane ne, Yaya. Abin da aka gwada a Ingila ba ɗaya yake da na maƙerin Tsafe ba."

Zakariya ya miƙe, ya ɗauke kwanon daga gaban Iliya ya ajiye a gefe. Dibora ta ce, "Maigida," a hankali. Bai dube ta ba. Ya tsaya har Iliya ya tashi ya sa takalminsa ya fita.

Washegari Zakariya ya tafi ofishin hanyoyi. Ya wuni a kan benci, masinja yana ce masa Bature na aiki. Da la'asar aka shigar da shi. Baturen saurayi ne, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, kuma bai yi masa tsawa ba. Wannan ma ya ƙara ɓata wa Zakariya rai.

"Ranka ya daɗe, amalankena suna nan bayan tagarka. Ka fito ka duba ɗaya. Ka ɗora masa duk abin da kake so. In ya karye, ka ƙone sauran."

"Ba aikina ba ne in gwada," in ji Baturen. "Ba mu da injin gwaji a nan. In babu hatimi, babu lamba."

"To a ina ake ba da hatimin? In je."

"Masana'anta ce ke bugawa."

"Ni ne masana'antar."

Baturen ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa yaro. "In ta karye ta kashe mutum, wa za a kama?"

"Ni. Ga ni, ga rumfata, kowa ya san gidana. Bara motar kamfani ta ƙwace a hanyar Tsafe, ni na yi akwatunan waɗanda aka binne a cocinmu. Wa aka kama? An hana motocinsu hawa titi?"

Murmushin ya ɓace. Baturen ya ɗaga wa masinja hannu, aka fitar da Zakariya.

Yana da amalanke ɗaya a rumfa da bai riga ya miƙa wa mai shi ba. Ya aika wa Manu ya kawo bijimansa. Dibora ta ga suna ɗaura karkiya da safe, ta fito tana goge hannu.

"Maigida, ina za ka da shi?"

"Sun ce ba za su fito su duba ba. Zan kai musu."

"Za su kama ka."

"Na sani."

Suka loda masa duwatsu har tayoyin suka kwanta. Zakariya ya ce wa Manu ya tsaya a baya, kada a haɗa da shi. Ya kama igiya da kansa ya hau tsakiyar titi, rana tsaka, bijimai na tafiya a hankali, motoci na yi masa oda a baya yana ƙin kaucewa. Masu shaguna suka fito. Jama'a ta biyo shi. Ya wuce kasuwa, ya wuce tasha, ya tsayar da amalanken a ƙofar kantin, ya toshe ta yadda ko kare ba zai wuce ba. Ya hau kan duwatsun ya tsaya.

"Ga shi nan," ya ce da ƙarfi. "Katakon dajin Bungudu ne, ƙarfen kuma a Tsafe aka doke shi. Ku fito da naku mai hatimi, a ɗora masa rabin wannan, mutane su gani."

Ba wanda ya fito. Ya hango Iliya ta taga ya sunkuyar da kai a kan tebur. Mutane suka yi ta kallo, wasu na dariya, wasu na gyaɗa kai, amma da 'yan doka suka iso kowa ya ja baya. Ɗayansu ya ɗaga kulki zai doki bijimi don ya matsa. Zakariya ya diro ya riƙe kulkin, ya murɗe shi daga hannunsa ya jefa kan rufin kantin. Wannan ne laifin da aka fi ja masa a kotu. Ba a yi maganar amalanke ba ko sau ɗaya. Aka ɗaure shi, bai fito ba sai da damina ta yi nisa.

Da ya fito ya tarar da rumfarsa ta yi ciyawa. Masu motoci sun kai aikinsu wani wuri, don kamfanin ya ce duk wanda ya kai wa Zakariya bodi kada ya zo neman kayan gyara. Ya leƙa filin bayan ofis. Amalankensa suna nan a jere cikin ruwan sama, gara ta hau wasu, an sace tayoyin wasu. Ya tsaya ya riƙe wayar shingen har ta yanke shi.

"Gobe zan tafi Tsafe," ya ce wa Dibora.

Ta ce, "Malam Salisu ba ya Tsafe. Yana nan Gusau."

A bayan kantin ya same shi, zaune a kan akwati da sifana a hannu, yana ɗaure notin amalanken da aka kawo a wargaje. An ba shi rigar kaki wadda ta matse masa damtse. Salisu ya ɗago, ya ga ko wane ne, ya ci gaba da murɗa noti.

"Sannu da fitowa, Malam Zakariya."

"Kai ne nan, Malam Salisu? Kai da ke mai da ƙarfe tamkar tuwo?"

"Ni ne. Da aka kama ka, an zo maƙerata an kwashe sandunan da na yi. Fartanya ma yanzu ta kanti mutane ka saye. Ina da bakuna a gida."

"Ko yaro zai iya wannan aikin."

"Na sani. Ba sai ka gaya mini ba."

Zakariya ya kau da kai daga gare shi. Ya duƙa ya ɗauki falle ɗaya na katakon da ke cikin akwatin. An goge shi sumul, an shafe shi da koren fenti. Ya kankare gefen da farce, ya ga jan nama, ya kai hanci.

"Madaci ne," ya ce.

"Na gani tun ranar farko," in ji Salisu. "Direbobin da ke zuwa Ikko sun ce daga kurmin kudu ake saran shi a loda a jirgi."

"Wato itacen ƙasar nan ne ya je ya sha fenti ya dawo, ya zama abin da ya isa hawa titi. Ni da na sare shi a nan na fafe shi a nan, ni ne ɗan gidan yari."

Ya buga fallen a kan akwati har ya tsage gida biyu, ya jefar. Salisu ya ɗauki gutsattsarin ya tura ƙarƙashin akwati don kada mai gadi ya gani. Zakariya ya juya ya tafi. Bai ƙara taka wannan wuri ba.

Kwanaki ya yi a gida ba ya fita, ba ya cin abincin kirki, abu kaɗan ya hau faɗa. Manu ne ya zo gaishe shi da ƙwaryar nono, suna zaune a tsakar gida Dibora ta sa baki.

"Malam Manu, shanunku in za su kasuwa, ta titi suke bi?"

"A'a, uwargida. Burtali muka bi. Tun kakanninmu."

"Dokar nan kuwa, titi ta ce, ko ba haka ba?"

Zakariya ya ɗago ya dube ta. Burtali hanyar shanu ce da ke ratsa gonaki da daji, tana da faɗi, kuma babu ɗan dokan da ke tsaron ta.

"Wato in koma ɓoye kamar ɓarawo," ya ce.

"Ka koma aiki," in ji Dibora. "Na gaji da ganin ka kana faɗa da kujeru."

Kafin kaka suka kwashe kayansu suka koma Bungudu, suka kama gida a gefen gari. Babu coci a kusa, ran Lahadi su biyu da 'ya'yansu suke addu'a a ɗaki. Zakariya ya koyi dukan ƙarfe da kansa a wurin maƙeran garin, yana ƙona hannu, yana lalata sanduna, har ya iya. Amalankensa suka koma bin burtali daga rugage zuwa ƙauyuka, suna kai taki gona, suna kwaso gero da auduga. In sun iso bakin titi sai a tsaya a sauke kaya a ɗora wa jakai su ƙarasa, amalanken ya juya. Duk ranar da Zakariya ya ga haka sai ya kasa cin abinci.

Manoman da suka sayi na kanti kuwa, in wani abu ya lalace sai su jira jirgi. Wasu kan kawo masa a ɓoye ya gyara. Yakan gyara, yana yi yana mita.

Farkon 1959, lokacin da ko'ina ake zancen mulkin kai, wata mota ta tsaya a bakin titin Bungudu. Iliya ya fito, ya yi ƙiba, yanzu shi ne mataimakin manaja. Ya tako har rumfar, ya durƙusa ya gaida Zakariya kamar yadda ya kamata. Dibora ta kawo masa ruwa, ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

"Yaya, da alheri na zo. Zamani ya sauya. Yanzu manya suna son a ga kayan gida, kamfani ma yana so a ce yana taimakawa. Mun san naka sun fi ƙarko a jeji. Ka riƙa yi mana, duk wanda ka gama mu ɗauka."

"Lamba fa?"

"An shirya wannan. Za mu buga musu hatiminmu, su hau titi."

"Wannan sandar?" Zakariya ya nuna wadda ke kan uwar maƙera. "Wadda aka ɗaure ni a kanta? In kun buga mata hatimi ta zama lafiyayya?"

"Haka tsarin yake, Yaya."

"Kun sayo injin gwajin?"

Iliya ya sunkuyar da kai.

"Sunan wa za a rubuta a jiki?"

"Na kamfani. Mutane sun fi yarda da shi."

Zakariya ya ɗauki guduma, ya juya ta a hannu, ya ajiye. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Ka koma ka gaya wa maigidanka, in ofis na son amalankena su hau titi, su aiko mutum ya duba aikina, ya ba ni lamba da sunana, Zakariya na Bungudu. In ya ga aibi ya faɗa, in gyara. Amma ba zan yi ciki in haihu, wani ya raɗa suna ba."

"Yaya, ka yi tunanin yara. Wannan dama ba za ta dawo ba."

"Da ka kai labarin bijimin Bala, ka yi tunaninsu?"

Iliya ya juya wajen yayarsa. "Yaya Dibora, ki yi masa magana."

"Na ji abin da ya ce," in ji ta. "Ka tsaya ka ci abinci, ko kana sauri?"

Ya ce yana sauri. Ta raka shi har bakin titi, ta ba shi ƙullin daddawa ya kai wa matarsa. Da ta dawo ta sami Zakariya ya mayar da sandar cikin wuta yana zuga da ƙarfi fiye da kima, tartsatsi na tashi har rufin rumfa.

"Za ka ƙona mana gida," ta ce.

Ya rage hannu. Lambar ba ta zo ba a wannan shekarar, ba ta zo ba a ta gaba. Kamfanin ya sami wani kafinta a Funtuwa ya karɓi aikin. Zakariya ya ci gaba da ƙera amalanke uku ko huɗu a kowace kaka, kuma duk wanda ya gama sai ya ɗauki ƙarfe mai zafi ya ƙona sunansa a katakon baya, da manyan baƙaƙe, yadda mai tsaye a kan titi zai iya karantawa.